LAFIYAR IYALI: Tsargiya da Wankan Tafki



Maganarmu ta wannan wata ta fito daga kudancin jihar Sakkwato, wajen Tambuwal da Kebbe. Kebben Sakkwato muke nufi, wadda take kusa da Gulbin Zamfara, kada a rikita ta da jihar Kebbi, ko da yake maƙwabtan juna ne. Wata 'yar'uwa daga can ta aiko mana da tambaya ta hannun matar mai bishararsu. Ta ce yaronta mai shekara tara ya yi wajen wata biyu, in ya yi fitsari sai jini ya biyo baya, ɗigo biyu ko uku a ƙarshe. Ranar da ta fara ganin abin a wandonsa ta kai wa uwar mijinta. Tsohuwa ta yi dariya ta ce, "Ke yarinya, kwantar da hankalinki. Namiji ne, girma ne ya zo masa. Ubansa ma haka ya yi, ga shi nan da ransa." Ita kuwa ta ce, "To, Inna," ta yi shiru, gama ba ta iya musu da surukuwa. Amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Tana so ta sani, girma ne da gaske, ko kuwa ciwo ne?

Ciwo ne, 'yar'uwa. Sunansa tsargiya, yana da magani, maganin kuwa ba shi da tsada. Ba mu ga laifin Inna ba. Abin da idonta ya gani ta faɗa, gama a garin da kusan kowane yaro yake fitsarin jini, wanda ba ya yi shi ne abin mamaki. Waɗansu kuma sukan ce zafin rana ne yake kawo shi. Su ma sun kusa da gaskiya. Lalle zafi yana da hannu cikin maganar, gama shi ne yake kora yaro zuwa cikin ruwa, a ruwan kuwa yake ɗauko ciwon.

Wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Sakkwato ba zai yi saurin zagin yaran ba. A watan Afrilu zafi yakan wuce awo 40, ƙasa ba ta takuwa da tsakar rana. Yaro ya tashi daga makaranta, ko ya koro awaki daga daji, ga gulbi a gabansa, ga abokansa suna iyo suna kiransa. Wa zai riƙe shi? Da damina kuma kowane kududdufi ya cika, har da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da waɗanda masu aikin hanya suka bari a gefen titin da ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Tambuwal zuwa Jega. Ga tafkin Romo da masuntansa, ga fadamun shinkafa. 'Yan mata suna wanki da wanke-wanke a bakin ruwa, jariri yana zaune cikin daro ana zuba masa ruwan da aka ɗebo yanzu-yanzu. Dukansu suna kan hanyar ciwon, har jaririn.

Bari mu bayyana yadda abin yake tafiya, gama wanda ya gane wannan ya gane sauran duka. Akwai wata tsutsa siririya kamar zare, tsawonta santimita 1 zuwa 2, da take zama cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsarar mai ciwon. Namiji da tamata suna manne da juna, tamatar tana zuba ƙwai kowace rana. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini kamar ƙaya. Ƙwayayen nan sukan ratsa bangon mafitsara su faɗa cikin fitsari, jinin da uwa take gani kuwa daga raunin da suka yi yake fitowa. In yaron ya yi fitsari a salga ko a busasshiyar ƙasa, ƙwayayen sun mutu ke nan. In ya yi cikin tafki, sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga neman masauki. Mai masaukinsu wani ɗan ƙaramin dodon koɗi ne na ruwa, bai fi farcen yatsa girma ba, yakan manne a ƙarƙashin ganyen bado da ciyawar bakin ruwa. Cikinsa suke hayayyafa. Bayan mako huɗu zuwa shida sai su fara fitowa da ɗimbin yawa kowace rana, sun fi fitowa kuwa da tsakar rana, watau daidai lokacin da yara suka cika tafkin. Mai wanka ba ya ganinsu. Ba sa neman rauni ko faso, lafiyayyar fata suke hudawa cikin 'yan mintoci. Wani yaro yakan ji ƙaiƙayi bayan ya fito, wani ba ya jin kome. Sai bayan wata biyu ko uku, sa'ad da tsutsar ta girma ta fara ƙwai, jini ya bayyana. A lokacin kowa ya manta da wankan ranar, shi ya sa ba a haɗa su.

Saboda haka tsargiya ba ta tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta a ƙwaryar abinci, ko a tabarma, ko ta tsallake fitsarin wani. Dole sai ta bi ta dodon koɗi. Kada kuma a ce kududdufin bayan gari ba shi da laifi domin yakan ƙafe da rani. Dodon koɗin nan yakan nutse cikin laka ya yi likimo watanni, ruwan farko yana sauka ya farka.

Tsohon ciwo ne ƙwarai. A 1910 aka sami ƙwayayensa cikin gawawwakin mutanen Masar na dā waɗanda aka adana tun fiye da shekara 3,000. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a birnin Alƙahira a 1851, shi ya sa za ku ji ma'aikatan asibiti suna ce mata bilharziya. Sai a 1915 Robert Leiper, mutumin Birtaniya, ya tabbatar a can Masar yadda take bi ta dodon koɗi. An kuma lura ciwon yana bin ruwan da aka datse. Da aka gama madatsar Akosombo a Gana a 1965, tsargiya ta yawaita a garuruwan bakin tafkin Volta. Haka ya faru a Senegal bayan madatsar Diama ta 1986. Ba muna ƙin madatsa ko noman rani ba ne, gama da su ake ci. Amma manomi ya sani, ruwan da yake kwance cikin lambatu da kwamin shinkafa gidan dodon koɗi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga fiye da mutum miliyan 250 da suke bukatar maganin a 2021, tara cikin goma a Afirka suke, Nijeriya kuwa tana gaba cikin ƙasashen da ciwon ya fi yawa.

To, in ubansa ya yi ya rayu, mene ne abin damuwa? Abin damuwa shi ne ƙwayayen da ba su fita ba. Da yawa sukan maƙale cikin naman jiki, jiki ya yi ta yaƙi da su, wurin ya yi tabo. Tsutsar takan yi shekara uku zuwa biyar da rai, wani lokaci fiye, yaro kuwa yana ƙaro waɗansu kowace shekara. Jininsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Ga shi yana ci amma ba ya girma kamar tsararsa, yana gyangyaɗi a aji, malam yana ce masa rago. In ya girma jinin yakan ɗauke, mutane su ce ya warke, alhali tabon yana nan. Tabon nan yana iya toshe hanyar da fitsari yake bi daga ƙoda, ƙodar ta kumbura ta lalace. Yana kuma cikin abubuwan da suke jawo ciwon daji na mafitsara. Akwai wani iri da yake zama a jijiyoyin hanji, ƙwayayensa suna fita ta bayan gida. Shi wannan hanta yake ɓatawa, saifa ta kumbura, ciki ya yi ƙato.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba za mu tsallake ba domin kunya. Tsargiya ba ciwon maza kaɗai ba ne. A jikin mace ƙwayayen sukan maƙale a mahaifa da hanyar haihuwa. Sai ta yi ta fama da ciwon mara, da ƙaiƙayi, da zubar ruwa, da ɗigon jini bayan ta kwana da mijinta, wata ma haihuwa ta yi mata wuya. Alamun nan sun yi kama da na ciwon sanyi, har ma'aikacin asibiti yakan ruɗe. Ku duba abin da wannan zai jawo a gida. Yarinya ta tsare kanta har ranar aurenta a majami'a, ba ta san kowa ba sai tafkin da take wanki tun tana ƙarama, ga miji yana zarginta da abin da ba ta yi ba. Dattawan ekklesiya da shugabannin Zumuntar Mata, in irin wannan ƙara ta zo gabanku, kada ku yi garaje. A tambaya ko ta girma a bakin ruwa, a kai ta asibiti, a kuma faɗa wa likita haka da baki.

Maganin sunansa praziquantel. An samo shi a Jamus cikin shekarun 1970, tun 2007 kuma kamfanin Merck yake ba Hukumar Lafiya ta Duniya shi kyauta domin 'yan makaranta. Bisa nauyin jiki ake ba da shi, miligiram 40 ga kowane kilo, ƙwaya ɗaya kuwa miligiram 600 ce. Watau yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu zai sha, sau ɗaya. Mun kawo lissafin ne domin ku ga ƙanƙantar abin, ba domin ku auna da kanku ba. Inda babu sikeli, masu rabawa sukan tsai da yaro a jikin wata sanda mai zane su ba shi gwargwadon tsayinsa. Lalle ne yaro ya ci abinci tukuna. Wanda ya sha da yunwa yakan ji jiri da ciwon ciki da tashin zuciya, daga nan jita-jita take tashi cewa maganin mugu ne, iyaye su hana 'ya'yansu zuwa makaranta ranar rabo. Kada mu shiga cikin masu baza wannan magana. Ranar da aka sanar za a raba, uwa ta dama kunu mai kauri, ko ta ɗumama tuwo, yaro ya ƙoshi kafin ya fita. Jirin yakan wuce a yinin.

Rabon makaranta yana da giɓi. Ba ya kai wa yaron da yake kiwo, da yarinyar da aka tsayar a gida, da ƙanana, da manya. Tun 2022 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, a garin da ciwon ya kai ɗaya cikin goma, a ba kowa daga shekara biyu zuwa sama, har da masu shayarwa da masu ciki da suka wuce wata uku. Saboda haka wanda yake ganin jini kada ya jira ranar rabo. A je asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ko ɗakin shan magani mafi kusa. In za a gwada fitsari, na tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana ya fi nuna ƙwayayen, a kuma tara har ɗigon ƙarshe. Kada a sayi ƙwayoyi a tire a kasuwa, kada kuma a ɓata wata uku a kan jiƙe-jiƙe.

Amma maganin yana kashe tsutsar da take ciki ne kawai, ba ya tsare ƙofa. Yaron da ya sha yau ya faɗa tafki gobe ya koma gidan jiya. A nan aikin gida yake. Mun san tsawa da bulala ba su taɓa raba yaro da ruwa ba, sai dai ya koyi busar da wandonsa kafin ya shigo. Abin da ya fi shi ne a ba shi ruwa a gida. In ya dawo da rana ya tarar da bokiti biyu na ruwan rijiya ko na burtsatse, an bar shi ya watsa yadda yake so shi da ƙannensa, rabin kwaɗayin tafkin ya tafi. In kuwa ba ku da wani ruwa sai na gulbi ko na tafki, ga abin farin ciki: 'ya'yan tsutsar ba sa wuce kwana biyu da rai in ba su sami jikin mutum ba. A tace ruwan da ƙyalle domin kada dodon koɗi ya biyo, a zuba a randa ko duro, a rufe, a bar shi kwana biyu cikakku, uku ma ya fi. Randa uku ke nan ana juyawa, ta yau, ta jiya, ta shekaranjiya. Ruwan wankan jariri kuwa in na yau ne a tafasa shi a bari ya huce. Wannan dabarar kwana biyu ta wanka da wanki ce kawai, ruwan sha sai an tafasa ko an sa masa magani. Mai ɗebo ruwan ya yi sammako, ya tsaya a kan dutse ko tudu ya miƙa guga. Manomin fadama ya sayi dogon takalmin roba in da hali. Masunci ba shi da mafita daga ruwa, nasa shi ne shan magani kowace shekara. Goge jiki da tawul da ƙarfi bayan fitowa yana ɗan taimako, amma kada a dogara gare shi.

Sa'an nan a koya wa yara abu ɗaya tun suna makarantar Lahadi: ba a fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko a bakinsa. A yi kafin a je. Dodon koɗin da ba a kai masa ƙwai ba, ba shi da abin da zai ba kowa. Ku buɗe Maimaitawar Shari'a sura 23 ku ga yadda aka umarci jama'ar Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya rufe ƙazantarsa. Gidan mai bi da ba shi da salga yana da abin gyara, haka ma majami'ar da take tara mutum ɗari ran Lahadi ba ta da ko ɗaya. Tafkin kuwa namu ne da maƙwabtanmu Musulmi, dodon koɗi ba ya tambayar addinin kowa. Mai bishara ya je ya gai da mai unguwa da liman, a yi shawara tare a kan inda za a haƙa salga da wanda zai gyara burtsatsen da ta lalace. Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Kurkunu ba shi da ƙwaya ba shi da allura. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da yawon da Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye-ƙauye tare da Cibiyar Carter aka kore shi. An ga na ƙarshe a 2008, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da shi.

Yanzu ga wata magana da ta shafe mu mu kaɗai. Yawancin ekklesiyoyinmu a gulbi ko tafki suke yin baftisma, sau da yawa bayan an tashi sujada, rana tana tsaka. Masu baftisma sukan yi minti biyu cikin ruwan, fasto da dattijon da yake taimakonsa su yi sa'a guda. Kada mu ce tun da aikin Ubangiji ne tsutsa za ta kauce. Allah ya ba mu sani domin mu yi aiki da shi, wannan ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ekklesiyar da take da ƙarfi ta gina kwamin siminti ta cika shi da ruwan rijiya. In ruwan gulbi za a zuba, a tace, a cika tun ran Alhamis a rufe. Inda dole sai gulbi, a yi da sassafe, a nemi wurin da ruwa yake gudu nesa da ciyawa da mashayar gari. Wannan yana rage hatsarin ne kawai, saboda haka fasto ya je a duba shi bayan wata biyu.

Ba tsargiya kaɗai take cikin ruwan wasa ba. Ba yaron da yake iyo bai kurɓa ba, da wannan kurɓi ɗaya ake samun atuni, da taifot, da shawara, da kwalara. A 2021 an ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zaton kwalara ta kama a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna cikin jihohin da ta taɓa. Yaron da ya fara zawo a soma ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kāna a kama hanyar asibiti. 'Yan'uwanmu na birni da suke kai yara wurin iyo na otal lokacin Kirsimati, su ba su da dodon koɗi, amma kada su saki jiki. Akwai wata ƙwayar cutar zawo mai taurin rai da take yin fiye da mako guda cikin ruwan da aka sa wa klorin. Mai zawo kada ya shiga, a yi wanka da sabulu kafin a shiga, ruwan da ba a hangen gindinsa kuwa a ƙyale shi ko da an biya kuɗi.

Mu koma wurin 'yar'uwarmu ta Kebbe. Ba mu ce ki yi gardama da Inna ba. Ki faɗa wa maigidanki da dare, shi ya kai yaron asibiti, ya kuma roƙi mahaifiyarsa ta raka su, ta ji da kunnenta daga bakin ma'aikaci. A tafi da ƙannen yaron har da mata, ko ba a ga jini ba. Tun da kuma Inna ta ce ubansa ma haka ya yi, in har yanzu yana shiga fadama, shi ma ya ba da nasa fitsarin a duba.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu yi magana a kan haƙa salga a ƙasa mai rairayi, yadda ba za ta rufta da damina ba.